Zuwa Kunci da Bel ɗin Taimin a Jaka

Mai motar haya a ƙauyukan arewacin Kano ba shi da lokacin da ya kai kaka. Da zarar an yanke gero, an shiga cirar gyaɗa da roron wake, kowace ranar kasuwa mota cike take fita, cike take dawowa. Wanda motarsa ta kwanta a waɗannan watanni, abincin shekararsa ne ya kwanta. Shi ya sa da Kawu ya aiko mini daga Kunci cewa in sayo masa bel ɗin taimin, in kuma taho da kaina mu ɗaura, na gane inda ya dosa. Motar lafiyarta ƙalau. Lissafin bel ɗin ne ya cika, yana so a gama da shi kafin buhuna su fara fitowa daga gona.

Kawu tsohon direba ne. Ya yi ƙuruciyarsa a kan Peugeot 504 tsakanin Kano da Katsina, irin wadda kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗawa a 1975. Yanzu 406 ce a hannunsa, doguwar nan mai ɗaukar kaya a baya, mai inji lita 2 da bawul 16. Ita yake yi wa hidima, ita kuma ke riƙe da gidansa.

Tafiyar ta fara ne daga kasuwar Ƙofar Ruwa, domin duk bakaniken da ke tsakanin Bichi da iyakar Katsina, in aiki ya yi tsanani, nan yake aikowa. Rumfuna ne jere, ƙofofin mota a jingine, injina a ƙasa suna naso da baƙin mai, yara na ratsawa da akwatin giya a baro. Da ka ambaci taimin bel na 406, tambayar farko ita ce, “Orijina ko mai sauƙi?” A nan ne rabin aikin yake. Akwai kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni, irin su Gates da Dayco da Continental, akwai kuma jabun kaya da ake sakawa a kwalin da aka kwaikwayi nasu. Da na kai shagon da Kawu ya daɗe yana ciniki, mai shagon ya fito da bel ɗin ya miƙo mini. Bayansa sumul, rubutun lambarsa a fili ba ya gogewa da yatsa, haƙoransa daidai wa daida, gefensa kuma ana hango zaren da aka saƙa a cikin robar. Ban yarda a lanƙwasa shi don gwaji ba, saboda zaren na gilashi ne: ba ya miƙewa, amma in aka karya shi a ciki ba mai gani sai ranar da ya tsinke. Na haɗa da tenshina, da boris ɗin da bel ke bi ta kansa, da famfon ruwan inji wanda kanikawa ke kira wata-fam, da silin mai, da galan na ruwan lagireto. Kuɗin ya yi nauyi, amma araha ba ta ado.

Daga nan muka hau titin Katsina. Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, sai Dawanau, inda manyan motoci ke layi a bakin kasuwar hatsi, ’yan dako na hawa katako da buhu a ka. Da yawa daga abin da ƙauyukan da zan je suke nomawa, riɗi da wake da gero, nan yake sauka kafin ya wuce Legas ko Nijar. Bayan Dawanau gidaje suka fara ja da baya, gonaki suka matso bakin kwalta. A Bichi muka wuce Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyon fasaha, muka sha ruwa, sannan muka saki babban titi muka yi arewa.

Wanda bai san wannan ƙasa ba zai yi mamakin rashin daji. Gona ce ke bin gona, iyakarsu ɗan layin gamba ko lalle, kuma ba ka yin nisa ba ka hango rumbuna da katangar wani ƙauye ba. Baturen nan masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, abin da ya ja hankalinsa kuwa shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Amsar tana gefen hanya: tarin takin gida da ake kaiwa da jakai da amalanke tun bazara, awaki a ɗaure ana kawo musu harawa, gero da wake a kunya ɗaya, da itatuwan da ba a sarewa. Ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, ga gawo tsaye ba ganye, shi da yake zubar da nasa da damina ya bar wa shuka rana. Dawa ta fitar da kai tana rangaji, an jera dammunan gero a wasu gonakin. Mutanen da suka saba ciyar da ƙasa kafin ta gaji, ba sai an yi musu dogon bayani a kan gyaran abu kafin ya lalace ba.

Na isa Kunci bayan la’asar. Gwamnatin jiha ta sauya wa ƙaramar hukumar suna zuwa Ghari, amma garin yana nan da sunansa a bakin direbobi da ’yan kamasho, tare da Shuwaki da Gwarmai da ’Yandadi da sauran garuruwan da motar Kawu ke zagayawa. Na durƙusa na gaishe shi a zaure.

“Sannu da hanya, ɗana. Ya mutanen birni? Ya mahaifiyar taka?”

“Lafiya lau, Kawu. Tana gaishe ku da kyau.”

Bai taɓa jakar ba sai da aka kawo ruwa da dafaffiyar sabuwar gyaɗa, aka yi magariba, aka ci tuwon dawa da miyar kuka. Sannan ya ce a miƙo masa. Ya haska fitila a kan bel ɗin, ya bi haƙoran da babban yatsa, ya jujjuya boris ɗin kusa da kunnensa, ya gyaɗa kai.

A daren ne ya yi mana bayanin abin da ya raba motar ƙuruciyarsa da ta yanzu. Injin 504 sarƙar ƙarfe ce ke riƙe masa lokaci, tana wanka a cikin baƙin mai, in ta tsufa kuma sai ta yi ta ƙara tana ba ka labari tun da sauran wata da watanni. Taubashina, ɗan Kawu, wanda ke gyaran babura da injinan ban-ruwa, ya ce haka babur ɗin Boxer yake, sarƙa ce, ƙaramin injin ban-ruwa kuma haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna. Bel na roba baƙo ne a tarihin mota. Wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Glas ne ya fara fitar da motar kasuwa mai irinsa a 1962, sai Fiat a Italiya da Pontiac a Amurka suka biyo a 1966. Masu ƙera mota sun so shi don ba shi da nauyi, ba shi da ƙara, ba ya buƙatar mai, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai wannan shirun nasa shi ne hatsarinsa. Yana ɓoye a bayan murfin roba, yana aiki lafiya har zuwa daƙiƙar da zai tsinke.

Aikinsa kuwa shi ne haɗa ƙasan inji da samansa. A ƙasa akwai kiranshaf da fistin ke juyawa, a sama akwai kamshaf mai buɗe bawul da rufe su. Duk juyi biyu na ƙasa, na sama juyi ɗaya yake yi, ba ƙari ba ragi. In inji na gudu 3,000 a minti, kiranshaf na juyawa sau 50 a daƙiƙa, kowane bawul na buɗewa sau 25. A injin irin na 406, fistin da bawul wuri ɗaya suke ziyarta, lokaci ne kawai ya raba su, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: wannan taɓarya na sauka, waccan na tashi. Ranar da bel ya tsinke, kamshaf ya tsaya cak da wasu bawul a buɗe, fistin kuma bai san an tsaya ba, sai ya haura ya same su. Bawul su lanƙwashe, wani lokaci fistin ya fashe, a sauke kan inji gaba ɗaya. Akwai injinan da aka bar wa tazara, irin na Toyota Camry mai lita 2.2 ta ƙarshen shekarun 1990, wadda in nata ya tsinke mutuwa kawai take yi a ja ta gefe. Ta Kawu ba ta cikinsu.

Da aka idar da asuba muka tura motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, inji a sanyaye. Taubashina ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya shimfiɗa buhuna, ya jera kwanoni uku na zuba notina, kowane sashe da nasa. Abu na farko, aka cire kan batir. Aka sa duwatsu a tayoyin baya, aka ɗaga gaban dama da jak, sannan aka tura guntun kututture a ƙarƙashi, domin ba a shiga ƙarƙashin mota a dogara da jak shi kaɗai. Taya ta fita, robar da ke bayanta ta fita, sai ga fulin kiranshaf yana kallonmu. Kafin a cire fambel, taubashina ya ɗauki hoton yadda ya zagaya da wayarsa. Aka kwance fulogi huɗun don inji ya yi laushin juyawa da hannu. Aka tokare ƙasan inji da wani jak ɗin, da katako a tsakani don kada kaskon mai ya lotsa, aka kwance kujerar injin ta wannan gefe, murfin roba ya fito.

Daga nan aikin ya koma na natsuwa. Masu ƙera injin sun bar ramuka na musamman: ɗaya ta jikin inji zuwa fulawil, sai ɗaya a kowane fulin kamshaf. Ana juya inji a hankali ta hannun da yake juyawa, har ramukan su yi daidai, a zura musu ƙarfe mai kaurin da ya dace, komai ya kulle a mazauninsa. Kawu na da nasa ƙarafunan da wani maƙeri ya gyara masa, a naɗe cikin tsumma. Ya gargaɗe mu da abu ɗaya: babban notin fulin ƙasa yana da tauri ƙwarai, kuma ba a dogara da waɗannan ƙarafuna wajen kwance shi, sai su karye a ciki. An sassauta shi tun kafin a kulle, mota a giya, ni ina take da birki. Duk da makullan sun shiga, Kawu ya sa aka ɗiga farin fenti a kan tsohon bel da kowane fuli.

“Kawu, ai ƙarafunan sun riƙe,” in ji ni.

“Sun riƙe, ɗana. Shaida biyu ta fi ɗaya.”

Aka sassauta tenshina, tsohon bel ya zame ya fito. Na kai shi rana na duba. Daga nesa lafiyayye ne. Da na ɗan buɗa tsakanin haƙoran, sai ga tsaga ƙanana a gindin kowanne, bayansa ya yi ƙyalli ya bushe, gefe ɗaya zare ya fara tsitstsinkewa. Wasu haƙoran suna motsi in ka tura su da farce. Sau da yawa haka ake yi: bel ɗin ba ya rabuwa biyu, haƙora ne ke zubewa a fulin ƙasa, fuli ya yi ta juyawa a banza. Zafin ƙasarmu da ƙurar hunturu suna tsufar da roba da wuri, ɗigon baƙin mai kuma ya fi su ɓarna, domin kumbura ta yake yi ta ruɓe. Mun sami ɗan naso a silin kamshaf ɗaya, aka canza shi.

Tsohon wata-fam ma da aka girgiza fulinsa sai ya yi ɗan wasa, ga farin busasshen ruwa a ƙasansa. A wannan inji bel ɗin taimin ne ke juya shi, don haka in boris ɗinsa ya ci, sabon bel zai tafi da shi. Wanda ya buɗe wurin nan ya bar tsohon famfo da tsohuwar tenshina don ragin kuɗi, zai sake biyan aikin gaba ɗaya, wataƙila har da na bawul. Aka tsiyaye ruwan a roba, aka kankare mazaunin tas, sabo ya zauna.

Kafin ɗaura sabon bel, taubashina ya haɗa shi da tsohon ya ƙirga haƙoransu ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar adadi da faɗi sun zo daidai, sannan ya mayar da ɗigon fentin a kan sabon. Ya duba kibiyar da ke nuna hannun juyawa. Ya wanke hannunsa da omo ya goge, don kada maiƙo ya taɓa robar. Aka fara daga fulin ƙasa, aka bi da shi a miƙe ta gefen da ba tenshina, ya hau kamshaf biyun, ya sauko ta famfo, duk sassaucin ya taru a wurin tenshina. Ba a sa sukundireba an ɗana shi ba, da yatsu aka lallaɓa shi ya hau. Tenshinar tana da ɗan harshe da ake juyawa har ya yi daidai da alamarsa. In bel ya yi tauri da yawa, kuka zai riƙa yi yana cin boris. In ya yi sako-sako, zai tsallake haƙori, kuma haƙori ɗaya ya isa ya sa mota ta rasa ƙarfi ta riƙa shan mai.

Sai matakin da ba a tsallakewa. Aka zare ƙarafunan, Kawu ya ɗora sifana a kan notin kiranshaf ya fara juya injin da hannunsa, a hankali, kansa a sunkuye yana saurare. In akwai kuskure, a nan hannu zai ji inji ya tokare, a tsaya a koma baya ba a yi asarar komai ba. In kuwa da makulli aka gwada, kafin kunne ya ji, ƙarfe ya riga ya daki ƙarfe. Ya cika juyi biyu. Muka mayar da ƙarafunan, ukun duka suka shige ramukansu ba gardama, harshen tenshina na nan a kan alama. Aka mayar da komai bi da bi, kwanonin suka koma wayam. Aka zuba ruwan lagireto na gaskiya maimakon ruwan rijiya mai sa tsatsa, aka buɗe ƙananan notinan fitar da iska har ruwa ya fito ba kumfa. Kawu ya yi bisimilla ya murza makulli. Ta tashi a bugu ɗaya, muryarta a daidaice.

Bayan azahar muka fita gwaji wajen madatsar ruwa ta Gari, wadda manoman rani na wannan yanki da na maƙwabtansu a Jigawa suke dogaro da ita. Ruwa ya cika, masunta na gyaran koma a gaɓa, wasu manoma sun fara share filayen da za su zuba tumatir da albasa in damina ta ɗauke. A wata rumfa na ga saurayi ya baje injin ban-ruwa a kan buhu, ya ware shi ɗaiɗai, yana wanke kafireto da fetur a gwangwanin madara. Kawu na tuƙi idonsa na kan allurar zafi. Da muka tsaya ya buɗe bonet, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Babu.

Da muka dawo gida ya aiki yaro ya kawo fentin nan. A kan murfin bel ɗin ya rubuta watan da shekarar da adadin kilomitar da ke kan agogon motar, ya kuma rubuta a ɗan littafin da yake ajiyewa tare da takardun mota. Wannan rubutu shi ne abin da na fi so masu mota su ɗauka daga Kunci. Yawancin kamfanoni suna sa wa’adin bel tsakanin kilomita 60,000 zuwa 120,000, ko wajen shekara biyar, duk wanda ya riga zuwa, kuma a hanyoyinmu gara mutum ya tsaya kusa da na ƙasan. Amma motocin da muke saye ’yan Kwatano ne da na hannu, sun ratsa masu su da yawa, agogon wasu an taɓa shi, ba kuma takardar da ke biyo su. Wanda ya sayi irin wannan mota, in injinta mai bel ne, ya ɗauka wa’adin ya cika, ya canza, ya fara nasa lissafin daga ranar.

Ba kowa ne zai yi aikin nan a ƙofar gidansa ba. Yana son kayan aiki, da sanin injin da ke gabanka, domin alamomin Honda dabam, na Golf dabam, da kuma wanda ya taɓa yi a tsaye kusa da kai. Wanda bai da waɗannan ya kai wa bakanike, sana’arsu ce, kuma akwai ƙwararru a cikinsu da suka cancanci haƙƙinsu cikakke. Amma ko a garejin ne, mai mota ya sayo kayansa da kansa daga inda ya amince, ya tsaya a wurin, ya ga an canza famfo da tenshina, ya ga an juya inji da hannu sau biyu kafin a taɓa makulli, ya karɓi tsofaffin kayan ya duba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ribar direban ƙauye ta ƙanƙance ƙwarai, gyaran kan inji guda ɗaya na iya cinye abin da ya tara a kaka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A hanyar komawa na biyo motar kasuwa, buhunan sabon gero a baya, akuya a ɗaure a kan kaya. Da muka zo Bichi na sake duban ƙofar kwalejin fasahar nan, na tuna saurayin bakin dam da taubashina. Hannu suna da shi, haƙuri suna da shi, kuma manoma da direbobin yankin sun riga sun dogara da su. Abin da ya rage musu kaɗan ne: littafin gyaran inji da aka rubuta da Hausa, sifana mai awon ɗauri, da ɗan horo na makonni a lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Makarantun fasaha na jihar Kano da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin direbobi za su iya haɗa wannan ba tare da kashe wani abin kirki ba, kuma ranar da suka yi, motocin da ake jan su da igiya zuwa birni a tsakiyar kaka za su ragu.